Write Back ko Write Through: wanne ya dace da katin RAID ɗinka a inda wuta ba ta da tabbas?

Duk wanda ya taɓa haɗa faifai a sabar Dell ko HP ya ci karo da wannan zaɓin. Ka shiga shafin katin RAID, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, ka zaɓi faifan da za ka haɗa, ka ce RAID 5 kake so ko RAID 10, sai ga wani layi a ƙasa yana tambayarka yadda za a riƙa rubuta bayanai: Write Through, ko Write Back, ko kuma wani na uku da katin kamfanin LSI ke kira Always Write Back, Dell kuma ta sa masa suna Force Write Back. Mafi yawan mutane suna barinsa yadda suka same shi. Wasu kuma suna zaɓar wanda aka ce musu ya fi gudu. Amma wannan layi guda shi ke yanke hukuncin abin da zai faru da rumbun bayanan asibiti, ko na makaranta, ko na kamfanin hada-hadar kuɗi, a daƙiƙar da aka ɗauke wuta.

Bambancin yana kan abu ɗaya ne: yaushe kati zai ce wa kwamfuta "na rubuta"? A Write Through, kati ba ya buɗe baki sai bayanan sun sauka a kan faifai. A Write Back, da zarar bayanan sun shiga ƙaramar ma'ajiyar da ke jikin katin, wadda RAM ce irin ta kwamfuta, sai ya ce an gama, daga baya ya kwashe su zuwa faifai a lokacin da ya ga dama. Kamar aika saƙo ne a tasha. Ko dai ka tsaya har wanda ka aika wa ya kira ya ce kaya sun iso hannunsa, ko kuma ɗan kamasho ya karɓa ya ce maka je ka abinka an gama, alhali kayan suna nan a ɗakin ajiyar tasha suna jiran mota. Na biyun ya fi sauƙaƙa maka rayuwa nesa ba kusa ba, muddin ɗakin ajiyar yana da ƙofa da makulli. RAM kuwa ba ta riƙe komai idan lantarki ya yanke. Don haka tambayar gaskiya ita ce: me ke tsaron wannan ma'ajiya idan wuta ta tafi?

Me ya sa Write Back ke da gudu haka

Faifai mai juyawa abu ne na ƙarfe da mota, kuma lissafinsa a fili yake. Wanda ke juyi 7,200 a minti yana zagaye 120 ne a daƙiƙa, wato kowane zagaye yana cin milisakan 8.3. Mai juyi 10,000 yana cin milisakan 6, mai 15,000 kuma milisakan 4. Rumbun bayanai irin su PostgreSQL, MySQL da SQL Server ba sa ɗaukar wata hada-hada a matsayin kammalalliya sai an tabbatar musu an rubuta ta a kundin tarihinsu. Kowane rasit da aka buga, kowane sunan ɗalibi da aka shigar, sai an jira wannan tabbaci. Idan tabbacin daga faifai mai juyi 7,200 zai fito, to mai aiki ɗaya da ke rubutu bi da bi ba zai wuce kusan sau 120 a daƙiƙa ba, komai ƙarfin kwamfutar. Idan daga RAM ɗin kati zai fito, ana maganar dubbai ne, don jiran bai kai milisakan ɗaya ba.

A RAID 5 da RAID 6 ne abin ya fi tsanani. Don canza ɗan ƙaramin bayani a RAID 5, dole kati ya karanto tsohon bayanin, ya karanto tsohon lissafin kariya (lissafin da ake sake gina bayanai da shi idan faifai ya mutu), ya rubuta sabon bayanin, sannan ya rubuta sabon lissafin. Aiki huɗu ke nan a madadin ɗaya. A RAID 6, mai lissafin kariya biyu, aikin shida ne. RAID 10 biyu kawai yake yi, don kwafi yake ajiyewa a faifai na biyu. A ce kana da faifai shida, kowanne yana iya aiki 100 a daƙiƙa, jimilla 600. Idan ƙananan rubuce-rubuce ne a warwatse, RAID 10 zai ba ka 300, RAID 5 ya ba ka 150, RAID 6 kuma 100. Wato faifai shida sun koma ƙarfin guda ɗaya.

Nan ne ma'ajiyar kati ke nuna amfaninta, kuma ba ɓoye jinkiri kaɗai take yi ba, rage aikin take yi. Idan rubuce-rubuce suka taru a cikinta, kati yana iya jera su gwargwadon wurinsu a kan faifai don kada allurar da ke rubutu a kan faifan ta yi ta kai da kawo. Idan an rubuta wuri ɗaya sau biyar a jere, na ƙarshen kawai zai sauke. Mafi muhimmanci, idan ya tara abin da ya cika layi guda na dukkan faifan, sai ya yi lissafin kariya a cikin kansa ya rubuta gaba ɗaya ba tare da karanto komai ba. Wannan ne dalilin da ya sa RAID 5 a kan kati marar ma'ajiya, irin su PERC H310 da H330 na Dell, yake da nawa har mutum ya zaci faifan ne suka lalace. HP ma ba ta yarda a yi RAID 5 a kan Smart Array P410i ba sai an saka masa ma'ajiya.

Sai dai akwai iyaka. Ma'ajiyar ƙarama ce: megabait 512 a PERC H710, gigabait 1 a H710P da H730, gigabait 2 a H730P, gigabait 8 a H740P. Idan kana kwafar babban fayil da ke shigowa da megabait 110 a daƙiƙa, faifan kuma 60 kawai suke iya haɗiyewa, rarar 50 za ta cika gigabait ɗaya cikin daƙiƙa 20 ko kusa da haka, daga nan gudun ya koma na faifan. Saboda haka sabar da aikinta ajiye bidiyon kyamarar tsaro ne ko manyan kwafin ajiya ba ta cin moriyar Write Back kamar sabar rumbun bayanai, ko wadda ke ɗauke da VMware ESXi, manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin saba ɗaya. Ita ESXi ba ta tara rubutu a RAM ɗin saba, komai ga kati take miƙa shi, shi ya sa idan katin yana Write Through a kan faifai masu juyawa za ka ga duk kwamfutocin da ke cikinta suna jan ƙafa.

Batir ko kafasita

Hanya biyu ake tsare ma'ajiyar kati, kuma a ganina wannan bambancin ya fi na Write Back da Write Through muhimmanci ga mai saba a Kano ko Maraɗi.

Tsohuwar hanya ita ce batir da ke ci gaba da ba RAM ɗin kati wuta bayan saba ta mutu. Bayanan suna nan a raye muddin batirin yana da caji. Idan wuta ta dawo, kati ya sauke su a faifai kafin komai ya tashi. Kamfanonin kan ce batirin zai riƙe sa'o'i 48 zuwa 72, kuma wannan lissafin sabon batir ne. Haka PERC 6/i yake, haka P410 mai batir (BBWC), haka katunan LSI masu batir (BBU). An ƙera su ne da tunanin cewa wuta ba za ta wuce 'yan sa'o'i ba ta dawo ba, ko a ce an ɗauke ta ranar Juma'a da yamma, ma'aikata su dawo Litinin da safe su tarar da komai lafiya.

Mu kuwa mun san abin da ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin arewacin Najeriya suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mutanen Nijar ma sun ga nasu a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba su bayan juyin mulki. Ofis mai janareta da kuɗin mai zai kunna saba washegari, bayanan su sauka. Ofishin da ya rufe ya jira Nepa, ko makarantar da sabarta ta mutu a daren da aka tafi hutu, kwana uku na cika abin da ke cikin ma'ajiyar ya tafi. Kuma ba wai fayil ɗin ƙarshe kaɗai ke ɓacewa ba. Abin da ke cikin ma'ajiya gutsattsari ne daga wurare daban-daban: wani yanki na kundin rumbun bayanai, wani na taswirar da ke nuna inda fayiloli suke, wani na lissafin kariyar RAID. An riga an shaida wa manhaja cewa duk an rubuta su, ta kuma gina wasu abubuwa a kansu. Rumbun bayanai ya san yadda zai farfaɗo idan aka yanke shi a tsakiyar aiki, don haka aka tsara shi. Abin da bai san yadda zai yi da shi ba shi ne a ce masa an rubuta abu alhali ba a rubuta ba.

Ga kuma zafi. Batir ba ya shiri da zafi, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin Kano, Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin saba a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke tsayawa duk lokacin da wuta ta tafi. Batirin da ya kamata ya yi shekara biyu ko uku sai ya gaji da wuri, wani ma ya kumbura. Yawancin sabobin da ke shigowa kasuwanninmu kuma na hannu ne. Dell R710 ta fito tun 2009, R720 a 2012. Wanda ya sayi irin waɗannan ya ɗauka batirin da ke ciki ya gama yayinsa, har sai gwaji ya nuna masa akasin haka.

Akwai wata ɗabi'ar batir da ke rikita masu kula da saba. Lokaci-lokaci kati yana sauke cajin batirin ya sake cika shi don ya auna ƙarfinsa. A katunan Dell ana yin haka duk kwana 90. A tsofaffin katuna, yayin wannan awon kati yana komawa Write Through da kansa na wasu sa'o'i, sai saba ta yi nauyi ba gaira ba dalili, a yi ta zargin intanet ko manhaja. Wannan ba lalacewa ba ce, kati ne ke yin abin da ya dace. Maganinsa shi ne a tsara awon ya faɗo cikin dare ko ranar da ba a aiki.

Sabuwar hanya ta bi ta wani gefen. Maimakon a yi ta ba RAM wuta na kwanaki, ana ba ta na 'yan daƙiƙu ne kawai, daidai yadda za a kwashe abin da ke cikinta zuwa wani ɗan filash, ma'ajiya irin ta filashin USB, da ke jikin katin. Filash ba ya buƙatar wuta don riƙe bayani, don haka ko saba ta yi wata shida a kashe, ana kunna ta bayanan za su sauka. Adaptec ta fito da nata a 2009 da sunan ZMCP, LSI ta kira nata CacheVault, HP kuma FBWC. Duk waɗannan da babbar kafasita suke aiki, wato na'urar da ke riƙe caji na ɗan lokaci, wadda ke cika cikin mintuna kuma ta fi batir juriyar zafi da daɗewa. Dell ta ɗan bambanta: daga H710 zuwa sama akwai filash ɗin, amma batir ne ke ba da wutar kwashewar. Ya fi tsohon tsari sosai, don 'yan daƙiƙu kawai ake nema daga batirin, amma har yanzu batir ne, yana tsufa, sai an duba shi. HP ma ta koma amfani da batir ɗaya na saba gaba ɗaya a sabobin Gen9.

Idan kana zaɓe tsakanin saba biyu na hannu, ɗaya mai tsohon batir ɗaya mai filash, ɗauki mai filash ko da ta fi tsada, ko da ma'ajiyarta ta fi ƙanƙanta. Megabait 512 da ke tsira daga duhun mako guda ya fi gigabait 1 da ke mutuwa a kwana na uku.

Zaɓi na uku, da batun UPS

Write Back na asali yana da wayo: idan kati ya ga batir ko kafasita ba lafiya, sai ya koma Write Through da kansa. Saba ta yi nauyi, amma bayanai suna cikin aminci. Always Write Back, ko Force Write Back, ko abin da HP ke kira No-Battery Write Cache, umarni ne ga kati cewa ya ci gaba da cewa "na rubuta" ko da babu abin da ke tsaron ma'ajiyar. Yadda ake faɗawa cikinsa sananne ne. Batir ya mutu, ma'aikata suna ƙorafi, oga yana kira, sabon batir sai an yi oda daga Legas ko daga waje, sai mai gyara ya canza layi ɗaya, gudu ya dawo, kowa ya yi murna. Daga ranar ba wanda zai sake tuna batir.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce akwai UPS, ko akwai inbata da sola. Ina girmama wannan hujja, don UPS mai kyau yana rage haɗarin sosai. Amma dubi inda yake tsaye: a wajen saba. Tsakaninsa da ma'ajiyar kati akwai waya, akwai soket, akwai na'urar wutar cikin saba, kowanne yana iya yankewa. Mai shara yana iya taɓa waya. Shi kansa UPS ɗin batir ne a cikinsa, kuma ƙa'idar da aka sani game da irin batirinsa ita ce duk ƙarin kusan digiri 10 sama da 25 yana rage rayuwarsa da rabi. Nawa ne daga cikin UPS ɗin da ke ofisoshinmu za su riƙe saba minti goma a yau? Sannan mafi yawansu ba a haɗa su da saba ta USB ko ta hanyar sadarwa ba, ba a saka manhaja irin NUT ko apcupsd ko PowerChute da za ta kashe saba cikin tsari idan caji ya yi ƙasa ba. Wuta ta tafi ƙarfe biyun dare, mai gadi bai tayar da janareta ba, UPS ya yi ta kuka har ya mutu, saba ta faɗi a tsakiyar aiki kamar babu UPS ɗin ma.

Wuri ɗaya na yarda da Always Write Back: inda bayanan ba su da daraja, kamar sabar gwaji, ko wurin aikin wucin gadi da za a iya sake ginawa daga tushe cikin sa'a guda. Ban da nan, idan batir ya mutu a haƙura da nawar Write Through har sabo ya iso. Kuɗin batir bai kai na yini ɗaya da za a yi ana neman bayanan albashi ba.

Ma'ajiyar da ake mantawa

Ko ka gyara komai a kati, akwai sauran rina a kaba. Kowane faifai yana da tasa ƙaramar ma'ajiya a ciki, megabait 64 zuwa 256 a yawancin faifan yanzu, kuma batirin kati bai kai can ba. Kati zai sauke bayani zuwa faifai, faifai ya karɓa a RAM ɗinsa ya ce ya rubuta, kati ya goge nasa kwafin. Idan wuta ta tafi a wannan tsakanin, kafasitar da ka kashe kuɗi a kanta ba ta tsare komai ba.

Layin da ke kula da wannan sunansa Disk Cache Policy, kuma sau da yawa ana samunsa a kan Default ko Unchanged, wato a bar faifai yadda ya zo daga masana'anta. Faifan SATA yawanci suna zuwa da ita a kunne, na SAS kuma galibi a kashe. Mai haɗa faifan SATA masu araha a bayan katin RAID shi ya fi shiga haɗari ba tare da ya sani ba. Ga faifai masu juyawa amsar ɗaya ce: a kashe ta. Idan kati yana Write Back mai kariya, asarar gudun kaɗan ce, don ma'ajiyar kati ta riga ta ɗauke nauyin.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A watan Janairun 2005 wuta ta yanke a cibiyar da sabobin LiveJournal suke a Amurka, kuma da aka zo tayar da su sai aka tarar wasu rumbunan bayanai sun lalace duk da katunan RAID masu batir, saboda ma'ajiyar faifan kansu tana kunne. Bayan haka ne Brad Fitzpatrick, wanda ya kafa shafin, ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna diskchecker.pl don kama faifan da ke cewa sun rubuta alhali ba su yi ba. Har yau takardun PostgreSQL suna nuni zuwa gare ta.

Idan faifan SSD ne

Nan lissafin yana juyawa. SSD ba shi da allura ko juyi, jiransa bai kai milisakan ɗaya ba, don haka ribar ma'ajiyar kati tana raguwa, wani lokacin ma ta zama ƙarin zango da ke rage gudu. Shawarar da LSI ta daɗe tana bayarwa ga SSD ita ce Write Through, No Read Ahead da Direct IO, wanda shi ke buɗe hanyar da suke kira FastPath. A RAID 1 da RAID 10 wannan shi ne wurin farawa. A RAID 5 na SSD kuwa Write Back yana iya taimakawa har yanzu saboda batun tara cikakken layi, don haka a gwada duka biyun da aikin da sabar za ta yi a zahiri.

Amma wane irin SSD? Na saba, irin su Intel DC S3700, Samsung PM883 da Micron 5300, suna da kafasitoci a cikinsu da ke sauke abin da ke RAM ɗinsu idan wuta ta yanke. Waɗannan ana iya barin ma'ajiyarsu a kunne hankali kwance. Na laftof da kwamfutar gida ba su da wannan cikakkiyar kariya. Idan ka sa su a bayan katin RAID ka shiga tsaka mai wuya: ka bar ma'ajiyarsu a kunne ka ɗauki haɗari, ka kashe ta gudunsu ya faɗi warwas. Ni dai da in sa sabon SSD na gida a sabar da ke riƙe da bayanan mutane, gara in sa na saba na hannu wanda na duba lafiyarsa da manhajar smartctl.

Akwai kuma waɗanda duk wannan muhawara ba tasu ba ce. Mai amfani da manhajar da ke haɗa faifai da kanta, kamar ZFS a TrueNAS ko Proxmox, ko Ceph, ko vSAN, ba katin RAID yake buƙata ba. Waɗannan manhajoji su ke tsara rubutunsu, kuma suna so su ga kowane faifai kai tsaye. Abin da ya dace da su shi ne kati mai miƙa faifai yadda suke, kamar Dell HBA330 ko LSI 9300-8i a yanayin IT. Dabarar mayar da kowane faifai RAID 0 shi kaɗai don a yaudari ZFS tana kawo matsala ranar da faifai ya mutu. Idan ana son saurin rubutu mai tabbaci a ZFS, ana ƙara ƙaramin SSD mai kafasita ne a matsayin SLOG, wato wurin da ZFS ke fara ajiye irin wannan rubutu.

A saman kati ma akwai wuraren da ake iya ɓata komai. A Windows, cikin Device Manager, shafin Policies na faifai yana da akwati biyu. Na farko yana kunna tara rubutu, kuma ba laifi. Na biyun, mai cewa a daina tilasta sauke abin da aka tara, shi ne mai haɗari, a bar shi babu alama sai in ka tabbata duk abin da ke ƙasa yana da kariya. A Linux, ext4 da XFS suna aika umarnin saukewa da kansu, kuma tsohuwar shawarar nobarrier, wato kashe wannan umarni, da ake gani a tsofaffin rubuce-rubuce ta wuce, XFS ma ta cire zaɓin tun kernel 4.19. A Proxmox a bar faifan kwamfutocin ciki a kan No cache yadda suka zo, kuma a nisanci wanda aka rubuta wa unsafe, don sunansa ya faɗi gaskiya.

To wa zai zaɓi me? Faifai masu juyawa da kati mai filash: Write Back na asali, ma'ajiyar faifai a kashe. Wannan shi ne tsari mafi kyau ga yawancin sabobin ofis, kuma ba ka sadaukar da gudu ko aminci ba. Kati mai tsohon batir: Write Back idan batirin sabo ne kuma akwai janareta da zai tayar da saba cikin yini guda, tare da niyyar canza katin idan hali ya yi. Kati marar ma'ajiya ko marar kariya: Write Through, kuma a guji RAID 5 da 6, a yi RAID 10 ko da zai ci rabin sararin faifan. Akwai ƙarin dalili a nan: idan wuta ta yanke bayan an rubuta bayani amma kafin a rubuta lissafin kariyarsa, layin zai zauna da lissafin da bai dace ba, ba wanda zai sani sai ranar da faifai ya mutu aka zo sake gina shi. Ma'ajiya mai kariya ce ke toshe wannan ramin, Write Through shi kaɗai ba ya toshe shi.

Duba halin da kake ciki ba ya cin minti biyar. A katunan LSI, waɗanda yanzu suke hannun Broadcom, umarnin storcli /c0/vall show all zai nuna maka tsarin rubutu da na ma'ajiyar faifai, storcli /c0/bbu show all ya nuna lafiyar batir, storcli /c0/cv show all kuma ta kafasita. Ana canzawa da storcli /c0/v0 set wrcache=wb da storcli /c0/v0 set pdcache=off. A Dell umarnin iri ɗaya ne da sunan perccli; a HP ana amfani da ssacli, a Adaptec arcconf, amma su umarninsu daban ne. Ka lura da bambanci tsakanin tsarin da aka zaɓa da wanda kati yake kai a yanzu. Idan ka zaɓi Write Back amma yana nuna Write Through, batirinka ne ke magana. Sa iDRAC na Dell ko iLO na HP, masu sa ido kan lafiyar saba, su riƙa turo maka saƙo idan hakan ta faru.

Kafin sabuwar saba ta fara ɗaukar bayanan gaske, a gwada ta. Manhajar pg_test_fsync ko fio za ta nuna sau nawa ake samun tabbacin rubutu a daƙiƙa. Idan faifai mai juyi 7,200 da ke Write Through ya nuna dubbai, akwai wata ma'ajiya a kunne da ba ka sani ba, nemo ta. Sannan a yi gwajin da ya fi kowanne: a sa diskchecker.pl tana rubutu, a zare wayar wuta daga bayan saba, a mayar, a ga ko abin da aka ce an rubuta yana nan. A yi shi sau da yawa, kuma a yi shi tun saba ba ta da komai a ciki.

Idan wata rana ka kunna saba bayan ɗaukewar wuta ta tsaya tana cewa akwai Preserved Cache, kada ka yi gaggawar danna abin da zai share shi don kawai ta tashi. Ma'anarsa kati yana riƙe da bayanan da bai samu inda zai sauke ba, galibi don wasu faifai ba su dawo ba. Kashe sabar, duba wayoyi da zaman faifan a gurabensu, tabbatar duk sun bayyana, sannan ka kunna. Da zarar faifan sun dawo, kati zai sauke abin da ya riƙe da kansa. Sharewa sai an tabbatar faifan ba za su dawo ba, kuma akwai kwafin ajiya a hannu.